Guba a haɗe: Yadda masana ke auna haɗarin cakuɗuwar sinadarai ga lafiyar jama'a

A watan Maris na shekarar 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke aikin sa ido a kan cutar sanƙarau a Jihar Zamfara suka ci karo da mace-macen ƙananan yara da ba a saba gani ba a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro yakan fara da amai, ya shiga jijjiga, ya suma, kuma magungunan zazzaɓin cizon sauro ba sa yi masa komai. Da aka auna jinin yaran sai aka gano gubar dalma ce, wadda ta fito daga duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Wani bincike da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da hukumomin Najeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda. An ƙiyasta cewa annobar ta ci rayukan yara fiye da 400.

Da sunan dalma aka san wannan annoba, kuma daidai ne, domin dalmar ce ta yi kisan. Sai dai masanan ma'adinai na Amurka da suka bincika duwatsun da ƙurar gidajen sun bayyana a rahotonsu na 2013 cewa ba dalma kaɗai ke ciki ba. Akwai zaiba, wadda masu haƙa ke amfani da ita wajen kamo zinariya, akwai arsenik da manganis, ga kuma ƙurar dutse mai lahanta huhu. Yaron da ya yi rarrafe a tsakar gida ya kai hannu baki, duka ya haɗiya a lokaci guda. Maganin da aka ba shi na fitar da dalma ne. Abin da sauran sinadaran suka ƙara a kan ɓarnar dalmar tambaya ce da ba ta da amsa mai sauƙi, kuma ita ce tambayar da wani reshe na ilimin guba ya shafe kusan shekara ɗari yana kokawa da ita.

Tushen matsalar yana cikin yadda ake tsara dokokin kariya. Idan hukuma za ta kafa iyakar wani sinadari a abinci ko ruwan sha, takan ɗauke shi shi kaɗai. A gwada shi a kan dabbobi, galibi ɓeraye, a gano adadi mafi yawa da bai nuna wata illa ba, sannan a raba wannan adadi da 100: goma saboda bambancin dabba da mutum, goma kuma saboda bambancin da ke tsakanin mutane, tunda jariri da tsoho da mai juna biyu ba ɗaya suke da ƙaƙƙarfan matashi ba. Abin da ya fito shi ne adadin da ake ganin mutum zai iya ci kullum tsawon rayuwarsa ba tare da wata cutarwa ta a-zo-a-gani ba. Da irin wannan lissafi da makamantansa Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa iyakokin ruwan sha, kamar miligiram 0.003 na kadmiyam a kowace lita.

Tsari ne da ya ceci rayuka masu yawa. Amma ba wanda ke rayuwa irin ta ɓeran ɗakin gwaji. Matar da ke girki da itace tana shaƙar hayaƙi, ta dafa waken da aka adana da maganin ƙwari, da ruwan rijiyar da ke kusa da gonar da aka zuba wa taki, da dare kuma a kunna maganin sauro a rufe ɗaki. Ko da kowanne daga cikin waɗannan yana ƙasa da iyakar da doka ta yanka, hanta ɗaya ce da ƙoda biyu za su yi aikin tace su duka.

Me zai hana a gwada kowane haɗi? Lissafi ne ya hana. Sinadarai 100 kacal, idan za a gwada su biyu-biyu, za a buƙaci gwaji 4,950. Idan uku-uku ne, 161,700, kuma ba a ma zo batun bambancin yawan kowanne a cikin haɗin ba. Wani nazari da aka wallafa a 2020 ya ƙirga sinadarai da haɗe-haɗensu fiye da 350,000 da aka yi wa rajista domin sarrafawa da sayarwa a ƙasashen duniya. Don haka dole masana suka nemi hanyar yin hasashen illar haɗi daga abin da aka sani game da ɗaiɗaikun abubuwan da ke cikinsa.

Hanya ta farko, wadda aka fi dogara da ita, ana danganta ta da masanin magunguna ɗan Jamus Loewe da abokin aikinsa Muischnek tun 1926. Ma'anarta ita ce sinadaran da ke bugun wuri ɗaya a jiki ta hanya ɗaya, a ɗauke su kamar abu guda ne da aka surka da ruwa daban-daban, sai a tara adadinsu. Misali mafi kusa da 'yan Najeriya shi ne magungunan ƙwari na dangin DDVP, sinadarin da ke cikin Sniper da kuma galibin abin da ake haɗawa a gida ana kira fiya-fiya. Duk 'yan wannan dangi aikinsu ɗaya ne: suna toshe wani sinadari da jiki ke amfani da shi wajen kashe saƙon jijiya bayan ya isa inda aka aike shi. Idan aka toshe shi, saƙon ba ya tsayawa, sai a ga dalalar miyau, da gumi, da makyarkyata, da sarƙewar numfashi. Jiki bai damu da sunan da ke jikin kwalba ba. Kaɗan daga wannan a kan wake, kaɗan daga ɗan'uwansa a kan tumatir, kaɗan daga feshin ɗaki, duk a wuri ɗaya suke taruwa.

A aikace, lissafin ba shi da wuya. Ana ɗaukar abin da aka auna na kowane sinadari, a raba shi da iyakarsa, sannan a tara sakamakon. Idan jimillar ta haura 1, akwai abin dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta yi wannan tanadi ga wasu 'yan sinadarai na ruwan sha, ciki har da naitiret da naitirayit, waɗanda ke shiga rijiyoyi daga takin zamani da masai, kuma suke rage ƙarfin jinin jarirai na ɗaukar iskar numfashi. Iyakar na farko miligiram 50 ce a lita, ta na biyu miligiram 3. A ce an auna wata rijiya an sami 40 na farko da 1.5 na biyu. A duba su ɗaya bayan ɗaya, rijiyar ta ci jarrabawa. Amma 40 cikin 50 shi ne 0.8, kuma 1.5 cikin 3 shi ne 0.5, jimilla 1.3. Ruwan da takardar gwaji za ta iya nuna ba shi da laifi a layi biyu, ya faɗi da aka haɗa layukan.

Inda 'yan dangi suka bambanta a ƙarfi, sai a zaɓi ɗaya a mayar da shi ma'auni, kamar yadda ɗan canji ke mayar da kuɗin ƙasashe daban-daban zuwa naira kafin ya tara. Haka ake yi wa dangin dayoksin, gubar da ke fitowa idan aka ƙona shara da robobi da tarkacen kayan lantarki. Mafi muni a cikinsu an ba shi maki 1, sauran kuma kowa da nasa kason gwargwadon ƙarfinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da waɗannan makuna a 1998, ta sabunta su a 2005, ta kuma sake duba su a 2022. Irin wannan dabara ake bi wajen auna sinadaran da ke cikin hayaƙi da kunkunniya, waɗanda ke manne wa nama idan aka babbake kai da ƙafa da ganda da wutar tsofaffin tayoyi, kamar yadda ake yi a wasu mayankai.

Hanya ta biyu ta masanin Amurka Bliss ce, a 1939, kuma ta shafi sinadaran da kowanne ke bin tasa hanya, wannan ya nufi ƙoda, wancan ya nufi jijiya. A nan ba adadi ake tarawa ba, yiwuwar illa ake haɗawa, kuma an daɗe ana fahimtar cewa muddin kowanne yana ƙasa da matakin da yake cutarwa, haɗin ma ba zai cutar ba. Wannan fahimta ce ta daɗe tana kwantar wa hukumomi hankali.

Wani gwaji da aka yi a Landan aka wallafa a 2002 ya nuna inda wannan kwanciyar hankali ba ta da hurumi. Masu binciken, ƙarƙashin Andreas Kortenkamp, sun ɗauki sinadarai takwas masu kwaikwayon sinadarin halittar mata a jiki, kowanne a adadin da shi kaɗai ba ya nuna wani tasiri da za a iya aunawa. Da suka haɗa su a kan ƙwayoyin yis, sai tasiri ya fito ƙarara, kuma daidai da abin da lissafin tarawa ya yi hasashe. An maimaita irin wannan gwaji daga baya a kan kifaye da ɓeraye, aka ga abu mai kama da haka. Sarkin yawa, in ji Hausawa, ya fi sarkin ƙarfi. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne “ba a ga illa ba” ba ɗaya yake da “babu illa” ba. Sau da yawa illar tana nan, ta yi ƙanƙantar da ma'auni ba ya kama ta ne sai an tara.

Akwai kuma yanayin da lissafin biyu duka ke kasawa, wato inda wani sinadari ke ƙara wa wani ƙarfi. Sanannen misali shi ne na taba da asbesto, sinadarin da aka daɗe ana yin silin da kwanon rufi da shi a Najeriya. Wani bincike a kan ma'aikata a Amurka da Kanada da aka wallafa a 1979 ya nuna cewa ƙurar asbesto kaɗai na ninka haɗarin mutuwa da sankarar huhu kimanin sau 5, shan taba kaɗai kimanin sau 10, amma wanda ya haɗa biyun haɗarinsa ya kai kimanin sau 50. A 2007 kuma dubban karnuka da kyanwoyi suka kamu da ciwon ƙoda a Amurka saboda abincin da aka gurɓata da melamin da wani ɗan'uwansa. Kowannensu shi kaɗai ba guba ce mai ƙarfi ba, amma idan suka haɗu a ƙoda sai su dunƙule su zama tsakuwa su toshe ta.

Wanda ya fi shafar Najeriya kai tsaye ba haɗin sinadari da sinadari ba ne, haɗin guba ne da cuta. Afulatoksin, gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba, tana jawo sankarar hanta. Ƙwararrun kwamitin haɗin gwiwa na hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa ƙarfinta a jikin mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B ya ninka na wanda ba ya ɗauke da ita kimanin sau 30. A ƙasar da miliyoyin mutane ke ɗauke da wannan ƙwayar cuta, da yawansu ba su ma sani ba, iyakar da aka aro daga ƙasar da cutar ba ta yawaita ba ba ta ba da kariya iri ɗaya. Yunwa ma tana shiga lissafi: hanjin yaron da ke fama da ƙarancin sinadarin ƙarfe ko na ƙashi ya fi tsotse dalma, alhali tun asali yara suna tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da manya ke tsotsewa. Nazarce-nazarce a kan yara a Meziko da Bangladash kuma sun nuna alamun cewa dalma da manganis da arsenik na iya shafar tasirin juna a kan ƙwaƙwalwa mai tasowa, kuma su ne dai sinadaran da aka samu a ƙurar Zamfara.

Wani lokaci akan yi amfani da wannan ɗabi'a da gangan. Wasu gidajen sauro da ake rabawa yanzu a Afirka, har da Najeriya, an ƙara musu wani sinadari mai suna PBO, wanda shi ba ya kashe sauro, amma yana hana jikin sauron karya maganin. Akwai ma akasin haka, inda guba ke rage ƙarfin guba: a asibiti, ɗaya daga cikin magungunan wanda ya sha metanol, gubar da ta kashe mutane a Ode-Irele ta Jihar Ondo a 2015, shi ne itanol, domin yana shagaltar da hanta ta kasa mayar da metanol ɗin abin da ke makantarwa.

Duk da yadda waɗannan misalai ke ɗaukar hankali, shaidu sun nuna ba su ne suka fi yawa ba. Wata bita da aka wallafa a 2014 a kan gwaje-gwajen haɗin magungunan ƙwari biyu-biyu ta sami ƙarin ƙarfi na gaske a kimanin kashi 7 cikin 100 ne kawai. Abin lura shi ne mafi yawan waɗannan sun ƙunshi ko dai dangin masu toshe saƙon jijiya, wato dangin DDVP, ko wani rukuni na magungunan fumfuna. Manomin da ke zuba magani biyu ko uku a tankin feshi ɗaya don rage wahala, kamar yadda ya zama ruwan dare a gonakin wake da na kayan lambu, yana iya faɗawa cikin wannan kason maras yawa ba tare da ya sani ba. Amma ga mafi yawan haɗe-haɗe, tarawa kawai ta isa ta ba da hasashe mai kyau, kuma sau da yawa sinadari ɗaya ko biyu ne ke ɗauke da mafi yawan haɗarin. Wannan labari ne mai daɗi ga ƙasa mai ƙarancin kuɗin bincike: ba sai an san komai ba kafin a san inda za a fara.

Inda haɗin ya yi yawan da ba a iya rarrabe shi, sai a auna shi ɗungurungum. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma ba a jira an gama nazarin kowanne ba kafin a tabbatar yana kisa. Mutanen da ke shan sa aka bi aka ƙirga. Haka hukumar binciken sankara ta duniya ta yi wa hayaƙin injin dizal a 2012 da gurɓatacciyar iskar waje a 2013, ta sanya su a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. Raunin wannan hanya shi ne haɗi ba ya zama yadda yake. Ɗanyen man da ya malala yau ba shi ne zai kasance a ƙasa bayan shekara goma ba, domin wani ɓangare ya bi iska, wani ya nutse cikin ruwa.

Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ƙasar Ogoni, wanda aka miƙa wa Gwamnatin Tarayya a watan Agusta na 2011, ya nuna wannan a fili. A Nisisioken Ogale an sami sinadarin benzin, mai jawo sankarar jini, a rijiyoyin sha a matakin da ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Wannan adadi ne ya mamaye kanun labarai, amma benzin ɗaya ne daga cikin ɗaruruwan sinadaran da ke cikin mai, kuma mutanen yankin suna haɗuwa da su ta ruwa, da iska, da kifi, da amfanin gona, tsawon shekaru. Shi ya sa rahoton ya ba da shawarar a riƙa bin diddigin lafiyar al'ummar na dogon lokaci, domin babu lissafin da zai maye gurbin duba mutanen kansu.

Ƙasashe sun fara shigar da wannan ilimi cikin doka, a hankali. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin auna haɗe-haɗe tun 1986, kuma wata doka ta 1996 ta wajabta mata tara illar magungunan ƙwari masu aiki iri ɗaya kafin ta amince da ragowarsu a abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai matakai a 2011: a fara da lissafi mai sauƙi da ke ɗaukar mafi munin zato, idan ya nuna babu matsala a tsaya a nan, idan ya nuna akwai sai a hau mataki na gaba mai buƙatar ƙarin bayanai da kuɗi. Hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta fitar da nata jagoran a 2019.

A Najeriya, dokokin muhalli na zamani sun samo asali ne daga wani haɗin guba. Shara mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, a Jihar Delta ta yanzu, ita ta sa gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a 1988. A yau aikin ya rarrabu: NAFDAC na kula da abinci da magunguna da rajistar magungunan ƙwari, NESREA na kula da ƙa'idojin muhalli, NOSDRA na bin malalar mai, SON na tsara ma'aunai, ma'adinai kuma suna ƙarƙashin ma'aikatarsu. Kowace na auna abin da ya shiga huruminta. Rabon aiki ne mai ma'ana a ofis, sai dai manomin da ke noman rani a gefen kogin Challawa ko Jakara a Kano, inda ruwan masana'antun jima da na kwatocin birni ke kwarara, yana karɓar rabonsa daga hurumin hukumomi uku ko huɗu a rana ɗaya.

Kafin a kai ga tara alkaluma ma, sai an same su. Lokacin da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015, dalilinta shi ne ragowar DDVP da ta zarce iyakarta ta miligiram 0.01 a kilo, kuma ɗakunan gwajin ƙasashen da ake kai wa waken ne suka gano. Buhunan da ba su je tashar jirgin ruwa ba, a kasuwannin cikin gida aka sayar da su. A 2019 NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben maganin a kasuwanni da shaguna. Matakin ya shafi sinadari ɗaya ne. Sauran 'yan danginsa da ake fesawa a gona, da ƙwayar hayaƙi da ake jefawa a buhu, da fumfunar da ke biyo bayan ajiya maras kyau, kowanne na jiran nasa lissafin.

A Zamfara, abin da ya rage mace-macen yara shi ne fitar da niƙan dutse daga cikin gidaje, da kwashe gurɓatacciyar ƙasa a maye gurbinta da mai tsabta, kafin a ba yara magani. Kwashe ƙasar ya tafi da dalmar da sauran abokan tafiyarta gaba ɗaya, ba tare da an jira sanin kason kowanne ba. A Bagega, sai a 2013 aka yi wannan aiki, bayan an saki kuɗin tarayya. Shekara biyu bayan nan, a 2015, yara 28 suka rasu da gubar dalma a ƙauyukan masu haƙar zinariya na ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja.